Jarrabawar Gindin Tsamiya

Ina cikin kamfanin gyaran riɗi da ke bayan garin Dutse, hannuna duk ƙura, Dakta Binta abokiyar aikina ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce, "Hadiza, sai haƙuri, Allah Ya yi wa Malam rasuwa." Na zauna a kan buhu ina ta maimaita innalillahi, injin tankaɗe yana ruri a kaina, har wani ma'aikaci ya lura ya kashe shi.

Farfesa ne a jami'armu, shi ne kuma mai duba aikin digirina na uku, amma duk sashenmu Malam muke ce masa. Shi ya fara ɗaukar ɗalibai yana kai su kamfanoni, kamfani ya ba da injina da matsalar da ta dame shi, ɗalibi kuma ya yi bincikensa a kanta. Wasu abokan aikinsa sun sha yi masa ba'a, wai Malam ya koma ɗan kasuwa. Sai ya yi dariya ya ce, "Su suna da tambaya, mu muna da ɗalibai. Laifi ne don na haɗa su?"

Aikina a kan fumfuna ne, wadda ke kama riɗi a ajiya har masu saye daga ƙasashen waje su maido da kaya. Bayan shekarun wahala na gano gyara iri biyu: ɗaya a saitin injin kamfani, ɗaya a yadda manomi ke shanya riɗinsa kafin ya zuba a buhu.

Malam yana da wata al'ada da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Kafin ɗalibinsa ya kare kundinsa a gaban farfesoshi, sai ya je Garki ya tsaya a gindin wata tsamiya, ya yi wa manoman da suka ba shi samfuri bayani da Hausa zalla. Malam kan zauna a bakin tabarma, takalmansa a gefe, idan ka gama ya ce, "To, gobe da safe me manomi zai canza?" Wallahi mun fi tsoron wannan tambaya a kan dukan jarrabawar jami'a.

A nan rigima ta taso, ranar da muka je kamfanin riɗin ni da Malam. Alhaji Sani, manajan kamfanin, ya ce duk abin da na gano sirrin kamfani ne, tunda da injinansu aka yi. Idan na kai shi gindin tsamiya, zai janye izinin amfani da bayanansu, kundina kuma ba zai tsayu ba sai da su. Ni da bakina ba ya shiru, na yunƙura zan faɗa wa Alhaji magana, Malam ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Alhaji, saitin inji naka ne, ba mai jin sa daga bakinmu. Amma shanya a gona ake yin ta. In manomi bai sani ba, riɗin da zai kawo maka baɗi ma da fumfunarsa zai zo." Alhaji ya daɗe yana juya makullin motarsa, sannan ya ce zai yi tunani. A hanyar komawa Malam ya ce da ni, "'Yata, kada ki ji tsoro. Ilimin da ya kasa komawa wurin masu shi, nauyi ne a wuyanmu."

Amsar Alhaji ba ta zo ba har Malam ya kwanta ciwo, har Allah Ya karɓi abinsa.

Ranar zuwa gindin tsamiya da Malam ya tsayar mini tun da ransa ta zo bayan an share makoki. Na tafi Garki ina sane da cewa ina iya rasa digirin a wannan rana. Manoma sun cika inuwa, an bar bakin tabarma babu kowa. Na fara bayani ke nan sai ga motar Alhaji Sani. Ya fito, ya gaida dattawa, ya cire takalmansa, ya zauna daidai wurin da aka bari. Na faɗi komai a kan shanya, ban taɓa zancen inji ba. Da na gama, Alhaji ya gyara murya ya ce, "To, Malama, gobe da safe me manomi zai canza?"

Na ba shi amsa hawaye na zuba, domin na gane ba zai janye izinin ba. Ban taɓa alfahari da zama ɗalibar wani ba kamar a wannan lokaci.

Ya Allah Ka jiƙan Malam, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa. Ka ba matarsa Hajiya da yaran da ya bari a unguwar Limawa haƙurin wannan rashi, Ka zame musu gata. Duk buhun riɗin da ya tsira saboda abin da ya koya mana, Ka sa ladan a mizaninsa. Amin.