Mai Gyaran Bakin Kawu Fang

Duk wanda ya san layin da ke bayan kasuwar Sanchong ya san teburin Yen Suchin, wanda ke maƙale a ƙarƙashin matakalar gidan su Kawu Fang, jikin shagonsu na madarar waken suya. Ɗan tebur ne, fitila a samansa, sukurudirebobi cikin tsohon gwangwanin shayi, ita kuma a zaune da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Gyaran laftof take yi. Fasasshen gilashi kowa na iya canzawa. Ita nata su ne masu taurin kai, waɗanda za su yi ta aiki lafiya lau sai kawai su sandare, ko su mutu su sake tashi ba wanda ya taɓa su.

Tun tana budurwa ta baro ƙauyensu na kudu ta shiga masana'antar haɗa kwamfuta. Aka sa ta sashen gwaji, inda aikinta shi ne ta zauna ta jira na'ura ta yi laifi. A nan ta koyi haƙuri, ta kuma samo wata ɗabi'a da ba ta rabu da ita ba har yau: komai aka miƙo mata, ko kofin shayi ne, sai ta fara ɗora masa bayan hannu ta ji ɗuminsa. Da masana'antar ta tattara ta koma ƙetare, aka bar Suchin da ɗa guda a makaranta, mijin kuwa ya daɗe da kama gabansa. Sai ta riƙa zuwa shagon su Kawu Fang da safe, ta sayi madara kofi ɗaya, ta zauna har rana ta take, don ba ta da wurin zuwa.

Wata safiya Kawu Fang ya tsaya a kanta da ludayi a hannu.

"Ke 'yar nan, kujerata ta fara ɗaukar siffarki. In zaman za ki yi, ga ƙarƙashin matakala can. Kwashe buhunan wake ki yi wani abu da hannayen nan naki."

Shi ke nan fa. Ba jawabi, ba tausayin da ke sa mutum jin kunya. A wannan lungu ta ciyar da ɗanta har ya gama makaranta, kuma ba ta taɓa mantawa ba.

Kawu Fang dai baki ne da shi. Shi da matarsa Goggo Asiu sun haura shekara arba'in suna faɗa a kan tukunya ɗaya, kuma rabin masu zuwa karin kumallo faɗan ne ke kawo su. Ya ce ta ƙona burodi, ta ce hancinsa ne ya ƙone. Ya ce mata tsohuwa, ta ce masa tsohon banza. Suchin kuwa, "likitar gwangwani" yake kiranta.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya tafi da hannun dama da ƙafa, ya haɗa da harshen. Layin ya yi tsit. Ɗansu da ke aiki a wani gari ya kawo laftof ya saka masa wata manhaja: Kawu ya danna haruffa da yatsan hagu, na'ura ta faɗa da murya. Muryar wata budurwa ce mai ladabi, irin ta masu sanarwa a tashar jirgin ƙasa. Ranar da wannan murya ta fara cewa, "Tsohuwa, shinkafar nan ta caɓe," Goggo Asiu har ƙasa ta sauko ta ba kowa labari tana dariya tana share ido.

Ba a daɗe ba laftof ɗin ya fara tsiya. Kawu Fang a hankali yake rubutu, harafi bayan harafi, gumi na karyo masa. Sai ya kai tsakiyar magana allon ya sandare, ko ya yi baƙi ya sake tashi, duk abin da ya rubuta ya tafi. Ya jure, ya sake, abin ya sake yi masa. Daga ƙarshe ya ture shi gefe ya juya fuska ga bango.

Goggo ta sauko da na'urar rungume a ƙirji.

"Suchin, ki taimake ni. Ya daina zagina. Ko abinci na ba shi ba gishiri, cinyewa yake yi bai ce komai ba. Ni wannan zaman ba zan iya shi ba."

Suchin ta ture sauran aiki gefe. Ta buɗe cikinsa, ta tarar fankar ta cushe da ƙura da maiƙon suya, don hayaƙin shago har sama yake hawa. Ta ce to, ga ɓarawon. Ta share, ta sa sabon man da ke rage wa ƙwaƙwalwar zafi, ta bar shi yana aiki kwanaki a kan teburinta, ko gezau. Aka mayar sama. Kafin la'asar Goggo ta dawo da shi.

Abin ya taɓa Suchin. Ta cire katin ƙwaƙwalwa ta sa wani. Ta gwada ma'adanar bayanai daga farko har ƙarshe. Ta cire batir ta bar shi a caja, ta cire caja ta bar shi a batir. Ta murɗa waya, ta danna kowace kusurwa ko wani haɗi ya saki, ta ɗora masa aiki mai nauyi don ya nuna hali. Ɗan banzan nan ya zauna mata kamar yaron da ke ladabi a gaban baƙi. Aka mayar sama, ya koma ruwa.

Ɗansu ya bugo waya ya ce a sayi sabo kawai. Suchin ba ta ƙi ba, sai dai hankalinta bai kwanta ba. Abin da ke lafiya a ƙasa ya yi ciwo a sama, ba a cikinsa ciwon yake ba. In haka ne, sabon ma zai sandare, Kawu Fang kuwa ba zai sake yarda ya gwada ba. Don haka ta rufe teburinta da rana tsaka ta hau matakala.

"Goggo, ki shirya masa shi yadda kike yi kullum. Kar ki canza komai don ina nan."

Kawu Fang na kwance ya rame, ya dube ta sau ɗaya ya kawar da kai. Goggo ta jawo ɗan teburin gado, ta shimfiɗa wasu korayen ledoji biyu, ta ɗora laftof a kansu, ta buɗe shi, sannan ta ɗauko ta uku ta cusa a baya, daidai inda murfin ke haɗe da jikin na'urar, ta danna da kyau don kar ta faɗi.

Suchin ta gane ledojin. Ƙwalam ɗin masara ne mai kwakwa, na koriyar leda, wanda kowa ke ɗora wa na'ura don ta ji magana. Camfin mutanen garin ne: in dai ledar koriya ce kuma ba a buɗe ta ba, na'ura ba ta tsiya. Akwai shi a asibiti, akwai a banki, ita kanta akwai ɗaya a kan teburinta, kuma ba ta bari ranar lalacewarsa ta wuce ba ta canza shi ba. Ta kai bayan hannu wajen ledar da ke baya. Tun ba a je ko'ina ba wurin ya ɗauki zafi. Ta ƙasa iska ke shiga, ta baya take fita, Goggo kuwa ta toshe duka biyun.

"Tun yaushe kike sa su, Goggo?"

"Tun da ya fara. Na sa ɗaya bai ji ba, na ƙara. Duk kore ne fa, ban buɗe ko ɗaya ba." Sai ta ga fuskar Suchin, ta dafe ƙirji. "Ke, kar ki ce min ni na toshe wa mijina baki."

"Haba Goggo. Ƙura ce ta fara, kuma na kore ta. Ke ɗauki kika kawo, sai dai kin tsaya a bakin ƙofa kin hana iska wucewa."

Ba ta yi mata dariya ba, ba ta kuma ce a zubar ba. Ta zare biyun ƙasa, ta nemo sandunan cin abinci guda biyu ta ɗora na'urar a kai don iska ta samu hanya. Ta ukun kuma ta liƙa ta da salatif a bayan murfin, can sama, inda za ta yi gadinta ba ta takura wa kowa ba. Sannan ta turo teburin gaban Kawu Fang.

Ya ƙi ko kallonsa. Goggo ta lallaɓa, ya rufe ido.

Suchin ta jawo kujera ta zauna kusa da kansa. Ta ce, "Kawu, gadon nan ya fara ɗaukar siffarka. In kwanciyar za ka yi, ka yi wani abu da hannun nan naka."

Ya buɗe ido ya harare ta. Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Can ya ɗaga yatsa.

Ya daɗe yana dannawa. Ya wuce inda abin ya saba tsayawa, ya dakata yana jiran tsiya, ba ta zo ba. Ya ci gaba. Suchin ba ta ɗauke bayan hannunta daga gefen na'urar ba, iska mai ɗumi na fita tana shafar yatsunta. Goggo ta tsaya da leda biyu a hannu tana kallon yatsansa.

Sai budurwar tashar jirgi ta yi magana, cikin ladabi:

"Tsohuwa, madarar da kike ba ni tun da na kwanta ruwa ce zalla. Ba kya jiƙa waken yadda ya kamata. Na yi shiru ne don ba ni da yadda zan yi. Ke kuma likitar gwangwani, kin daɗe."

"Ji min tsohon banza!" in ji Goggo Asiu, hawaye na zuba. "Ruwa? Harshenka ne ya mutu! Shekara nawa ina jiƙa wake kana barci?"

Yatsan Kawu ya riga ya koma kan haruffa.

Suchin ta miƙe a hankali ta sauko, ba wanda ya lura da fitarta. Ta kunna fitilarta, ta sauko da tabarau daga goshi, ta jawo aikin da ta ture. Ƙwalla ta hana idonta ganin sukuru, sai ta ajiye ta zauna kawai tana saurare. A saman kanta faɗa ya kankama.