Kwalaben Kan Katanga

Ni ne na yi laifi, kuma babu wanda ya sa ni. Gara in faɗi haka tun farko, don kada wani ya karanta ya ɗauka ina neman a raba mana laifin da mutanen gari.

Lokacin da muke sakandare a Haɗeja, akwai wata rumfar shayi a bayan makarantarmu, ta wani dattijo da kowa ke ce wa Baba. Yawancinmu 'yan kwana ne, daga Jahun, daga Kafin Hausa, daga ƙauyukan bakin kogi. Da an tashi darasin yamma sai rumfar ta cika. Shayi da biredi, in rana ta yi kyau har da soyayyar karfasa. A kan bencin Baba muka yi haddar da ba mu yi a aji ba. Ni yana kirana ɓarawon sukari, don da ya juya baya sai in ƙara cokali.

Daga baya ambaliya ta ci rumfar. Baba ya tsufa, ido ya yi rauni, wurin ya zama kango. Ni ban wuce sakandare ba, na koma tuƙa keke mai ƙafa uku.

Bana sai ɗan Baba ya dawo daga Legas ya hau gyara. Ya zuba bulo, ya kewaye da katanga, ya sa gilashi mai duhu a tagogi da fitilu masu launi. Wata rana ina wucewa da fasinja na ga ana sauke buhuna daga amalanke a ƙofar wurin. Buhu ɗaya ya yage, korayen kwalabe suka gangaro ƙasa. Na san irinsu, na giya ne.

Ban tsaya ba, ban tambayi kowa ba. Babu komai a cikin kwalaben, na kuma ga haka da idona. Amma da na isa majalisarmu sai buhu ya zama katan, wofi ya zama cikakke. Na ce yaron Legas zai buɗe mana mashaya a kan rumfar ubansa. Na faɗa wa fasinjoji. Na aika da murya a zauren tsofaffin ɗalibai da muke da shi a waya, har ina salati. Kafin mako ya zagayo, wata mata da na ɗauko daga kasuwa ta ba ni labarin, ta ƙara da cewa an ga mata suna shiga. Na ce mata, "Hajiya, duniya ta lalace."

Ranar buɗewa na bi ta wajen da hantsi, in ga yadda za a kwashe. Na faka a tsallaken titi. An kafa rumfa, an jera kujeru, babu kowa a kai. Limamin unguwa da aka gayyato don addu'a ya aiko da uzuri. Baba kaɗai ke zaune a bakin ƙofa cikin sabuwar babbar riga, sanda a tsakanin ƙafafunsa, duk babur ɗin da ya wuce sai ya ɗaga kai.

Sai rana ta haska saman katangar, wani abu ya ɗauke mini ido. Na ɗaga kai. Fasassun kwalabe ne, kore shar, an dasa su a siminti tun daga wannan kusurwa har waccan, irin yadda ake yi don ɓarayi.

Na daɗe riƙe da kan keke ban iya sauka ba.

Ɗan Baba ne ya hango ni, ya tsallako. "Yaya, ba kai ma ɗalibin Baba ba ne? Don Allah shigo, ko muryar mutum ɗaya Baba ya ji."

Na nuna katangar. "Waɗancan fa?"

"Magini ne ya ce in sayo wajen 'yan gwangwan, sun fi kauri, sun fi yanka." Ya rage murya. "Wani ɗan albarka ya ce wai giya zan sayar. Ban gaya wa Baba ba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba."

Na bi shi kamar wanda ake ja da igiya. Daga bakin ƙofa na hango ciki, firji ne da zoɓo da kunun aya, ga tukunyar shayi tana tafasa, ga kifi tuli an rufe da raga. A tsakiyar sababbin kujeru kuma ga tsohon bencinmu, an goge shi an shafa mai, zanen da muka yi da ƙusa yana nan.

Na yi sallama. Baba ya karkata kunne.

"Wannan murya! Ɓarawon sukari! Kai yaro, ɓoye gwangwanin sukarin nan, ya iso." Ya yi dariya har da tari, ya laluɓo hannuna ya riƙe gam. "Ina sauran? Tun asuba na ce a soya musu kifi. Ko ba a gaya musu yau ne ba?"

Ɗan ya dube ni, yana girgiza kai in yi shiru. Da na yi shirun da an kawo mini shayi na sha na tafi. Na ciro wayata, na buɗe zauren nan namu, na danna wajen ɗaukar murya, sannan na durƙusa a gaban Baba.

"Baba, an gaya musu. Ni na hana su zuwa. Na ga kwalaben da aka sa a katanga, babu komai a ciki, na je na ce giya za a sayar a nan. Ƙarya na yi wa ɗanka, na ɓata sunanka a garin da ka ciyar da mu. Duk wanda ya ji daga bakina, ya ji wannan ma. Baba, don Allah ku yafe mini, kai da shi."