Zoben Tagullar Farfesa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan jiya, aka aiko shagona cewa ka cika, Farfesa. Nan take na ajiye hantsaki.

Ba ka taɓa koyarwa a jami'a ba. Malamin kimiyya ne kai a sakandare, mu ne muka laƙaba maka sunan saboda surutunka. Shekara talatin kana zama kan bencin shagona na ƙirar zinari, kana cika min bango da alli. Wai bambancin darma da zinari ƙwayoyi uku ne kacal a can cikin zuciyar ƙarfen, a cire su a huta. Tagulla kuwa hamsin za a ƙara mata. In na ce to bismilla, sai ka ce, "Maƙeri, lissafi ya fita, inji ne babu." Mu yi ta dariya har shayi ya huce.

Kowa ya san tushen zancen. Da zoben tagulla ka auri uwargidanka, ka yi mata alkawarin wata rana zai koma zinari.

Da ciwo ya tsananta ka kira ni gefen gado. Ka ce in ƙera irin zoben sak da zinari, in karɓi nata da sunan wanki, in musanya, in ce aikin Farfesa ne ya kammala. Na ɗauki amanar, na kuma yi aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba.

Bayan sadakar bakwai na kai mata. Ta juya shi a tafin hannu, ta yi murmushi, sannan ta nuna min koren zanen da tagulla ta bari a yatsarta.

"Maƙeri, dawo min da nawa," in ji ta. "Wannan ba ya barin alama."

Na mayar mata, Farfesa. Ka yafe min, ban cika maka ba, kuma ban yi nadama ba. Lissafinka na bango ma na hana a goge. Wallahi ina kewarka.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba uwargidanka da 'ya'yanka haƙurin rashinka. Zoben yana yatsarta.