Kayen Cha'ibu da Jan Ruwa

A tashar Gaya an daɗe ana cewa wai dorinar ruwa ce take yi wa Cha'ibu dikte, wato shifta. Wai duk Juma'a takan fito bakin gaɓa ta gyara zama, shi kuma ya durƙusa da alƙalaminsa na bik yana rubuta abin da kogi zai yi. Ƙarya ce, jama'a. Ni Yazidu, taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, kuma na ga rubutun da idona. Babu dorinar da za ta ga wannan tafiyar kaji a takarda ta sake dawowa.

Gaskiyar maganar ba ta kai haka daɗi ba. Cha'ibu manomin shinkafa ne a fadamar bakin kogi. Tare aka kai mu lakwal, makarantar boko. Ni aka koro ni a aji huɗu, shi ya daure ya kai aji biyar, shi ya sa har gobe yake mini kallon jahili. Tun yana saurayi ya zaɓi wata giginya a bakin ruwa, ya jera mata ƙusoshi daga gindi zuwa sama, taƙi ɗaya tsakanin kowace. Kullum da hantsi sai ya je ya duba ƙusar da ruwa ya taɓa, ya rubuta a kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, ya haɗa da duk abin da ya faru a unguwa ran nan. Shekara talatin da ɗaya yana wannan. Kayen sun cika akwatin ƙarfen da matarsa Bibata ta zo da shi na aure.

A garin nan kowace tambaya da ƙofarta. Ta gado da alwala, zauren malam. Farashin masara a Malanbil, can ƙetaren gada, direbobin manyan motocin kamiyo, ko da yake rabin maganarsu iska ce. Amma ta ruwa, yaushe za a zuba iri, yaushe jan ruwan damina zai hau, yaushe baƙin ruwa na bayan damina zai iso daga saman kogi, wannan sai gidan Cha'ibu. Daga Tanda ake zuwa, daga Bana ake zuwa. Na rantse na taɓa ƙirga takalma dubu a ƙofarsa. To, a ce ashirin. Yakan lashi yatsa ya buɗe kaye a hankali, kamar alƙali, ya ce, "Bara waccan, rana kamar ta yau, ƙusa ta biyar."

Sai wayoyi suka cika gari. Kowa na da malaminsa a aljihu, wani na magana daga Yamai, wani daga inda Allah kaɗai ya sani. Takalma suka ragu, amma dattawa ba su daina zuwa ba.

Shekara uku ke nan, cikin damina, saƙo ya yi ta yawo a waya, rediyo ma ta faɗa, cewa ruwa na tafe da ƙarfi, masu kaya a fadama su kwashe. Lawali, maƙwabcin gonarsa, mai iyali goma sha ɗaya, ya zo da hularsa a hannu.

"Malam Cha'ibu, in rushe rumbun in hau tudu, ko in bari?"

Cha'ibu ya buɗe kaye ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Ya ce, "Jan ruwa bai taɓa wuce ƙusa ta tara ba. Rumbunka yana daidai ta goma sha biyu. Je ka sha furarka."

Bai yi ƙarya ba, abin da ke rubuce ya faɗa. Kwana huɗu bayan nan ruwa ya shafe ƙusoshin gaba ɗaya, ya ci shinkafar fadama, ya ɗauke rumbun Lawali da hatsin shekara. Ita kanta giginyar ya tumɓuke ta. Lawali bai zage shi ba, da ma zagin ya yi. Ya dai raba 'ya'yansa gidajen dangi, ya haye gada ya tafi Paraku dako. Har yau bai dawo ba.

Tun daga nan babu mai tambayar Cha'ibu ko ƙarfe nawa. In ya shigo masallaci ana gaisawa, amma da an kawo zancen ruwa sai a yi shiru. Ya rame, wuyansa ya zama kamar na zalɓe. Duk da haka ya sami wata giginyar ya buga sababbin ƙusoshi, yana kan kaye na uku, ba mai karantawa sai shi.

Makon jiya Bibata ta tare ni a zaure ta ce, "Yazidu, kai ne ba ya jin haushinka. Ka raba shi da takardun nan. Duk ran da ya buɗe na shekarar Lawali ba ya cin tuwo."

Na same shi a gindin darbejiya, akwatin a buɗe, yana shanya kayen saboda gara. Na ce, "Ranka ya daɗe, ministan ruwa! Na samo maka kasuwa. Samira mai ƙosai tana neman takardar naɗi. Ka ba ta, ko sau ɗaya iliminka ya ƙosar da wani."

Bai ɗago ba. Na ciro wayata na kaɗa masa a hanci. "Ka ga wannan? Abin da ka yi shekara talatin kana bi da ƙafa, kafin in gama hamma ta faɗa mini. Me ke cikin tarkacen nan da ba ta sani ba?"

Ya kakkaɓe wani kaye mai shuɗin bango, ya mayar da shi akwati, sannan ya dube ni.

"Tambaye ta ranar da muka binne Gwaggo, uwarka, da wanda ya ɗauki makara ruwa iya gwiwa kai kana Kwatano kana yawon banza. In ta faɗa maka, zo ka kwashe su duka ka kai wa mai ƙosai."