Mai Lasar Yatsa Kafin Ya Taɓa Gilashi

Jiya na ga 'yata tana jan shafi a wayarta, sai na tuna da dattijon nan mai kula da ɗakin karatu na kwalejin noma, Allah Ya jiƙansa. Ni dai a aji huɗu na ajiye boko, amma "Farfesa" yake kirana, kuma ban taɓa musantawa ba.

Da ɗalibai suka yi kukan aikin gona yana hana su zuwa karatu, sai ya zauna da furfurarsa ya koyi kwamfuta, yana tura musu littattafai a waya. Abu ɗaya ne ya gagare shi bari: sai ya lashi yatsa kafin ya taɓa gilashin wayar, kamar zai buɗe takarda.

Shekarar da tsutsa ta faɗa wa tumatirina a Bunkure, na kai masa ganyen a leda. Ɗakin yana ƙanshin tsohuwar takarda, fanka tana ta ƙara.

"Farfesa, nan fa na ɗalibai ne."

"To rubuta ni, Malam. Gonata ce jarrabawar."

Ya lasa ya ja, ya lasa ya ja, har gilashin ya yi jirwaye. Sai ga hoton tsutsar. Ya fassara mini: in tuge masu cutar in binne, feshi kuma sai rana ta yi sanyi. Rabin gonar ya tsira, iyalina suka ci abinci.

Wanda ya miƙa wa mutane littafi shekara da shekaru, Allah Ka miƙa masa nasa a hannun dama.