Rigar Direban Zabori

Ku da kuka shigo aiki bana, ku saurara. Har gobe ban manta da wata Talata ta damina ba, ina shekara ta tara a tashar kamfaninmu ta Gaya. Ni ne mai kontrol ɗin kaya. Ƙa'ida ita ce, kafin jaka ta shiga mota sai na sunsuna ta, saboda masu ɓoye esans, wato fetur, daga Kamba. Wasu sun yi karatu sun samu biro, wato ofis, ni hancina aka ɗauka aiki.

Wata mata ta zo za ta Zabori, ta rungume ƙunshi cikin leda har uku. Na sunsuna, na ji gazwal, man dizal, kaɗan. Sai ga shef ɗin tasha, mutumin da ko tusar fasinja sai ya rubuta mata rahoto.

"Kwance," in ji shi.

"Shef, don Allah a bari. Rigar mijina ce, direban kamiyo, babbar motar kaya. A Paraku ya rasu, can aka binne shi. Uwarsa makauniya ce, ta ce kada a wanke, a kawo mata ta ji ƙanshin ɗanta."

Shef ya ce ai shi ba jiya aka haife shi ba. Na kwance. Riga ce kawai, mai gumi da gazwal da ɗan turaren ɗan-goma. Wallahi sai na ga kamar babana ya dawo daga tafiya yana cire takalmi a zaure. 

Da shef ya ga babu esans, sai tausayi ya kama shi, kuma tausayin shef ya fi fushinsa ɓarna. Ya zaro kwalbar turaren da muke fesa wa kujeru, mai ƙanshin lemo. "Ba a kai wa tsohuwa kaya yana wari," ya ce. Fus, fus, fus! Gaba da baya, har hammata. Aiki tsaf, a yaba masa.

Matar ta kai rigar hanci, ta juya ta, ta nemi wuya, ta nemi aljihu. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni, ni da na kwance, ta ce, "Malam, yanzu me zan ce mata?"

Har yau kunyar tana nan. Don haka, in fasinja ya ce kada ku buɗe, ku tambayi dalili tukuna, ku kuma ji amsar har ƙarshe. A ɗakin tsohuwar nan, ɗanta lemo yake ƙanshi.