Awarwaro Shida a Cikin Kaset

Shekara arba'in da ɗaya ya yi a shago ɗaya, ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin labule. Faɗin shagon taku huɗu ne, tsawonsa taku shida. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Alƙali ake ce masa, ko da yake bai taɓa shiga kotu ba. Gyaran kayan sauti ne sana'arsa, ya koye ta a ajin koyon sana'a na makarantar mishan, inda aka hore shi da wanke hannu kafin ya taɓa faifai da rubuta kwanan wata a kan duk abin da ya kwance. Amma ba gyaran ne ya ba shi suna ba. A zamanin da manyan ma'aikata ke gasar kayan kiɗa a falo, babu mai sayen garmaho ko rikoda ko amfilifaya, wato na'urar ƙara murya, mai tsada sai ya kira shi ya saurara. Zai zauna a tsakiyar ɗaki, ya sa a ɗaga labule, a kashe fanka, ya rufe ido. In ya buɗe ya ce, "Wannan," to, magana ta ƙare.

Ma'auninsa kaset ɗaya ne, kuma babu waƙa a ciki. Wata ranar Asabar, shekara talatin da huɗu da suka wuce, ya kai wata sabuwar makirufo gida don ya gwada ta. Matarsa tana ninke kayan wanki a gefen gado. Abin da rikodar ta ɗauka minti uku ne da daƙiƙa arba'in. Ana jin ta tana cewa, "Kai dai da wayoyinka! Kashe abin nan ka zo ka kama mini bakin zanen gadon." Ana jin shi yana cewa ta yi magana a hankali, ana jin ta tana dariya tana cewa a hankali ai sai a gidan wasu. Sa'an nan ta kaɗa zanen, sai awarwaro shida na azurfa da ke hannunta na hagu su yi ƙara, siririya, kamar an watsa allurai a kan gilashi. Sau huɗu suke yi kafin kaset ɗin ya ƙare.

Da wannan ƙarar yake shari'a. Na'urar da ta fito da awarwaron shida daban-daban, har mutum ya ji kamar zai ƙirga su, ta ci. Wadda ta haɗe su wuri ɗaya ta bi baya. Wadda ta haɗiye su kuwa ko kallonta ba ya ƙara yi. Da ita kuma yake saita rikoda. A gefen kan ƙarfen da ke karanta zaren kaset akwai wani ɗan sukuru, in ya karkace da kaurin gashi ɗaya sai siririn sauti ya dushe. Sauran masu gyara da mitar auna sauti suke saita shi. Shi kuwa sai ya sa kaset ɗinsa, ya kafa sukundireba, ya riƙa murɗawa kaɗan-kaɗan har awarwaron su tashi. Tun tana raye yake haka. Bayan rasuwarta ya ci gaba, sai dai ya kwafi kaset ɗin gida uku don aiki, ya rufe na asali a gwangwani.

Bara ne awarwaron suka fara nisa. Muryarta na nan, dariyarta na nan, amma in ta kaɗa zanen sai ya ji iskar zanen kawai. Ya ce kwafin ne ya gaji, ya ɗauko na biyu. Ya ɗauko na uku. Ya buɗe gwangwani ya sa na asali, duk kanwar ja ce. Daga nan ya ɗora laifin a kan rikodar shagon. Ya goge kan da auduga da sifirit, ya sauya roba, ya cire kan wata matacciyar rikoda ya dasa. Ya ce kayan zamani ne, ba a yin ƙarfe irin na da. A cikin shekarar nan masu kawo gyara, da ma 'yan kaɗan ne suka rage, suka riƙa janyewa. Wani ya dawo da rikodarsa ya ce tun da aka gyara ta take tsawa kamar an taka kyanwa. Alƙali ya ce masa kunnensa ne ya saba da ƙarar waya.

'Yarsa, wadda yake kira Auta duk da tana da 'ya'ya uku, takan leƙo shagon kowace Laraba in ta taso daga aiki.

"Baba, ka rage ƙarar nan mana, har bakin titi ake ji."

"Ke me kika sani? Ke da kike jin waƙa ta abin da bai kai ƙwayar magani ba."

"To, Allah ya ba ka haƙuri, ranka ya daɗe mai shari'a."

Abin da ya rage masa shi ne fata ɗaya, cewa in ya sami na'ura ta gaske, irin wadda ba a yi wa ƙeta wajen ƙira ba, zai sake jin su.

Sai ga Kyaftin ya aiko. Kyaftin tsohon matuƙin jirgin sama ne, shi kaɗai ya rage cikin manyan abokan cinikin Alƙali na da. Ya yi ritaya, gwiwa ta hana shi yawo, ya mai da ɗakin baƙinsa ɗakin saurare. Wani dillalin tsofaffin kaya ya kawo masa garmaho biyu, rikoda uku da amfilifaya biyu, duk na sahun gaba a zamaninsu, ya ba shi mako ɗaya ya zaɓi ɗaya-ɗaya.

Ranar Talata da hantsi Alƙali ya goge takalminsa, ya sa farar rigar da yake zuwa manyan gidaje da ita. Wannan karon bai ɗauki kwafi ba. Gwangwanin ya sa a jaka.

"Alƙali! Shigo, kotu ta cika, masu laifi bakwai na jiran ka," in ji Kyaftin daga kan kujerarsa. "Ka tsufa fa."

"Ranka ya daɗe, ni da ƙafata na zo."

Kyaftin ya yi dariya har da tari.

Da garmaho aka fara. Na farko mai nauyi ne, farantinsa kamar dutsen niƙa, roba ke juya shi. Na biyu injinsa a ƙarƙashin farantin yake kai tsaye, yana tashi nan take. Alƙali ya ɗora ma'aunin ruwa ya ga sun zauna daidai, ya auna nauyin allura, ya ɗora yatsa a gefen katako yana jin motsin inji. Ya ce na farkon ya fi natsuwa, na biyun ya fi kiyaye gudu, amma yana da ɗan kaɗawa da ke hawa ta hannun allura. A yatsansa ya ji wannan, kuma gaskiya ya faɗa. Da aka zo amfilifaya, ɗaya mai kwalabe ce, irin wadda sai ta yi ɗumi take magana, ɗayar ta turanzista mai fuskar azurfa. Ya ce mai kwalaben tana da taushi a muryar mutum, ta azurfar ta fi riƙe ganga. Kyaftin yana gyaɗa kai yana cewa, "Haka na ji ni ma, wallahi haka na ji." Sai dai Alƙali ya ƙara da cewa dukansu biyu kamar an lulluɓe su da bargo ta sama. Kyaftin ya daina gyaɗa kai, ya dube shi.

Sa'an nan aka zo kan rikoda. Ya wanke hannu, ya buɗe gwangwani, ya zura fensir a ramin kaset ya ɗame zaren. Ya sa a ta farko, ya koma tsakiyar ɗaki ya rufe ido.

"Kai dai da wayoyinka!"

Muryar ta cika ɗakin, kusa ƙwarai, har da numfashin da take ja kafin dariya. Bai taɓa jin ta haka ba tun da aka binne ta. Ya riƙe hannun kujera, ya jira zanen. Zanen ya kaɗu. Babu komai a bayansa.

"Wannan ta faɗi," ya ce.

Ta biyu ma ta faɗi. Ta uku ita ce sarauniyarsu, baƙa, mai kai uku, mai nauyin da sai mutum biyu suka ɗora ta a kan tebur. Dillalin ya ce ba a taɓa buɗe cikinta ba. Alƙali ya saurara sau biyu. Ya tashi ya cire murfin gaban, ya ga ɗan sukurun da ɗigon jan fenti a kansa, shaidar cewa a masana'anta aka saita shi aka rufe.

"Alƙali, wannan jan fa?" in ji Kyaftin. "Mutumin ya ce kada a taɓa."

"Sun saita ta a karkace, ranka ya daɗe. Su da mita suke aiki."

Ya kafa sukundireba, fentin ya fashe. Ya mai da kaset baya, ya murɗa dama kaɗan, ya saurara. Ya mai da baya, ya murɗa hagu. Ya ƙure abin ƙara siririn sauti a jikin amfilifaya. Ya yi haka sau bakwai ko takwas, matarsa tana ta maimaita masa cewa ya zo ya kama bakin zanen gado.

Uwargidan Kyaftin ce ta turo ƙofa da tiren ruwa a hannu, ta yamutsa fuska.

"Kai, wannan ƙara haka! Sannu da aiki, Baba Alƙali. Wai wace ce wannan mai awarwaro? Tun daga kicin nake jin su, cas-cas-cas, tun a na'urar farko. Na azurfa ne ko? Irin na iyayenmu. Ɗazu ma sun fi daɗi, yanzu kamar sun shaƙe."

Kaset na ta juyawa. Alƙali ya dubi Kyaftin.

"Kai ma ka ji su?"

Kyaftin ya sunkuyar da kai yana shafa gwiwa. "Na ji su, Alƙali. A duka ukun. Na ɗauka wani abu kake nema daban, wanda ya fi ƙarfin kunnena."

Ya tsaya da sukundireba a hannu, ya dubi jan fentin da ya zube a kan tebur kamar garin barkono. Ya tuna mutumin da ya ce rikodarsa na tsawa, ya tuna sauran da ba su ce komai ba, suka daina zuwa kawai. Ya so ya mai da sukurun inda yake, amma da me zai gane wurin?

"A kira mai mita ya saita ta," ya ce. "Akwai wani a bayan tashar mota. Ita za ka ɗauka, ita ce ta fi. Ba don na ji ba. Na ga ƙirarta ne."

"Haba, zauna ka sha ruwa. Abin da ka faɗa a kan garmaho ai babu wanda zai faɗe shi a garin nan."

"Da yatsa na ji wannan."

Kyaftin ya sa direba ya mai da shi, ya ce zai neme shi in dillalin ya kawo lasifikokin da za a zaɓa. Dukansu biyu sun san ba za a yi ba.

Washegari Laraba ce. Auta ta same shi zaune a shago, babu abin da ke kunne, ya jera sukundirebobinsa bisa tsawo a kan ƙyalle. Ya gaya mata abin da ya faru, bai rage ba, bai ƙara ba. Ta ce akwai asibitin kunne, akwai abin da ake saƙalawa a kunne. Ya ce ya san abin, ya sha buɗe irinsa, lasifika ce da ba ta kai ƙwayar wake ba, za ta ba shi maganar mutane, ba za ta ba shi wannan ba.

Can ya ce, "Awarwaron mahaifiyarki, suna wajenki ko? Ki kawo mini su wani makon. Ba kaset ba, su kansu."

Auta ta matso kusa da shi. Sa'an nan ta ja hannun rigarta sama.

"Baba, ga su. Tun bara nake sa su duk ranar da zan zo nan. Na ɗauka kana ji, ba ka son magana ne."

Ya kamo hannun nata ya kai kusa da kunnensa na dama, wanda yake ganin ya fi. "Kaɗa."

Ta kaɗa. Ya ga su shida suna tsalle suna haɗuwa, hasken ƙofa na wasa a kansu. Abin da ya iso gare shi wani ɗan ƙwas-ƙwas ne, kamar ana taɓa katako da farce a wani ɗaki.

Bai rufe shagon ba, don ba shi da wani wurin zama da rana. Yana sauya roba, yana liƙe waya da dalma, yana gyara abin da ido ke gani. In aka kawo saiti sai ya tura bayan tashar mota. Mai agogo da mai labule har yanzu Alƙali suke ce masa, yana kuma amsawa in ya ga bakinsu ya motsa.

Ranar Laraba yakan sa kaset ɗin, Auta ta zauna a kan benci tana fuskantar sa. In zanen ya kaɗu sai ta ɗaga yatsa ɗaya, shi kuma ya gyaɗa kai. Sau huɗu take ɗagawa. Makon jiya ya lura bakinta ya yi murmushi a wurin da uwar ke cewa a hankali sai a gidan wasu, shi kuwa bai kama ƙarshen maganar ba. Ya miƙa hannu ya ƙara murya, bai gaya mata dalili ba.